Duna Ya Hana Ni Tahowa

Ƙanena Issufu,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya. Ya Hajara da yara? Ya zaman Kano?

Ka ce in taho tunda gero bai yi ba bana. Na je tasha da kayana, Duna, tsohon karen marigayi maigidana, yana biye da ni. Mai mota ya ce, "Inna, hau, amma ban da wannan."

Issufu, karen nan ya makance, motsin ƙafata yake bi. Shekara goma ina wanke ƙwarya sau bakwai saboda shi, bai taɓa taka tabarmar sallata ba. Wa zan bar wa shi? Jifa zai sha.

Na komo gida. Rumbu ya yi ƙasa, amma ina Madarunfa sai Allah ya ɗauki ɗayanmu, ni ko Duna.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Hajara.

Yayarka,
Rabi