Hoda a Ranar Hoto

Unguwar Yelwa, Mubi.

Zuwa ga maigidana, Baban Khairat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Yola? Mu nan jiki lafiya lau, zuciyata ce ke tafasa. Na rubuto ne don in na kira ka, ban gama magana ba ka ce in yi haƙuri, ka kashe waya.

Ka san yadda ƙuraje suka cinye fuskar 'yarmu, har ta daina ɗaga kai a aji. Likitan fata ba ya zuwa Mubi. Ma'aikaciyarsa yake turowa da wata kyamara mai shuɗin haske, wadda ke nuna har ƙurajen da ba su gama fitowa ba. Da hoton yake auna tsananin ciwon, ya zaɓi waɗanda za a ɗora a kan magani. Sharaɗin ɗaya ne: a zo da wankakkiyar fuska, ko mai kada a shafa.

Ranar ɗaukar hoton zazzaɓi ya kwantar da ni, yayarka Adda Habibat ta ce za ta kai ta. Da bakina na faɗa mata sharaɗin. Ashe sai da ta biya da yarinya gidanta, ta lafta mata hoda, ta zizara kwalli, har da jan baki! Wai 'yar gidanku, gidan Gabdo, ba ta tsayawa gaban kyamara kamar marainiya. Ma'aikaciya ta miƙo ruwa da sabulu, Adda ta hana, ta tara musu jama'a, wai so ake a yaɗa munin yarinya a waya. Ta fizgi hannun Khairat suka fito.

Kyamara ta koma, ba za ta dawo ba sai bayan damina. Khairat ta yi kuka har muryarta ta dishe, yanzu ko makaranta ta ƙi zuwa. Wallahi na ji haushin Adda, amma na fi jin haushin shirunka.

Don ta wanke kanta, Adda ta kai ta gidan hoto a kasuwa, aka goge ƙurajen tas da kwamfuta. Ta ce lallai in aiko maka da hoton, ga shi cikin ambulan. Ka duba da kyau, kyakkyawa ce ƙwarai. Amma wannan yarinyar ba ta gidanka. Taka tana ɗaki, ta juya madubi ya kalli bango.

Ka taho gida, ka yi wa yayarka magana da kanka.

Ni ce matarka,
Ummi.