Madubin Shagon Bebi

East Greensboro, Litinin

Malam Zubair,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya hanya? Ga babbar rigarka na gama. Takardar nan a aljihunta na sa, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Shekara uku ke nan duk Asabar sai ka tuƙo mota daga McLeansville zuwa shagona, da ɗinki ko babu. Ka tsaya gaban madubi, ina bayanka kan keken ɗinki, ka yi murmushi ka ce kai, Allah ya yi halitta a nan. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce Allah ya yi. Ni fa ba yarinya ba ce. Shekara goma sha biyu na yi ina sayar da atamfa a kasuwar Kwari, tun daga bakin ƙofa nake gane mai saye da mai tayi. Kai kaɗai ka gagare ni.

Salissou mai gyaran mota yana nemana da aure, ya ba ni zuwa Juma'a. In da magana a bakinka, fito da ita kafin nan.

Ka huta lafiya,
Bebi

McLeansville, Asabar

Zuwa ga Hajiya Bebi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Sai jiya na ga takardarki, da na sa rigar zuwa masallaci, inda mutane da dama suka yaba.

Na yi mamaki ƙwarai. Ban taɓa lura cewa amsa mini kike yi ba, na ɗauka da zare kike magana. Allah ya sanya alheri tsakaninki da wannan bawan Allah.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna. Kaya ba sa zama mini a gida kamar yadda suke zama a shagonki. Madubi huɗu na saya, babu wanda ke nuna ni yadda nake. Idan aure zai sa ki rufe shago, ina roƙo ki sayar mini da naki.

Wassalam,
Zubair

East Greensboro, Laraba

Malam Zubair,

Salamu alaikum. Lafiya ba sai na tambaya ba, na san kana kula da kanka.

Addu'arka ta makara. Tun ran Alhamis na ba Salissou haƙuri, don na tabbata za ka zo. Ya ce ba komai, har ya duba mini taya kafin ya tafi. Ba zai dawo ba.

Nadia 'yar ƙanwata, mai karatun zane a jami'a, ta taɓa nuna mini hoton wata tatsuniyar Girkawa. Saurayi ya duƙa bakin ruwa yana soyayya da fuskarsa, wata baiwar Allah a raɓe bayan dutse, ba ta da aiki sai maimaita ƙarshen maganarsa. Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan ai wawiya ce. Sai Nadia ta dubi kujerar kekena.

To ga sirrin da ban taɓa faɗa wa kwastoma ba. Madubin nan na gwanjo ne. Jingine shi nake yi, in cusa katako a gindinsa ya ɗan kwanta baya, in rataya jan ƙwan lantarki a samansa. Gajere ya ga tsawo, tumbi ya shige, fata ta yi sheƙi. Dabarar kasuwa ce. Wannan dogon da kake zuwa gaisarwa duk Asabar babu shi, ni na haɗa shi.

Ni kuwa na ainihin nake gani ta baya, da sanƙonsa da ƙeyar da ta ninke kan wuyan riga, kuma shi na so. Kada ka sake zuwa.

Sai wata rana,
Bebi

McLeansville, Juma'a

Zuwa ga Hajiya Bebi,

Bayan gaisuwa. Na karanta, Allah ya ba ki haƙuri.

Don Allah, katakon nan, kaurinsa inci nawa ne?

Wassalam,
Zubair