Ƙarar Bugun da Ya Kayar da Wilfred

Makera, Kaduna

Zuwa ga matata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya Binta da rigimarta? Tunda waya ba ta kamawa a ƙauyen, na haɗa wannan takarda da maganin, direba zai kawo miki.

Aikin da na gaya miki ya tabbata. Mustapha mai shirya fim ya fara ɗauka a wata tsohuwar masaƙa da aka rufe a Kakuri. Labarin irin waɗanda muka sha kallo ne muna samari: gasar faɗa a ɓoye, a kulle ƙarti biyu a keji, jama'a na ihu. Ni sauti ne nawa. Kin san a fim ba a taɓa jikin mutum, hannu ta gefen fuska yake wucewa, daga baya ni in sa ƙarar. Kabeji nake naushi in an bugi kai, jiƙaƙƙiyar fata in ciki ne, rake kuma in ƙashi ya karye. Har yanzu ban tabbata na iya ba, amma ba a yi ƙorafi ba.

Albishirinki, aminina Wilfred ya samu shiga. Shi ne tsohon zakaran da jarumin zai kayar a ƙarshe. Shekara da shekaru yana koya wa 'yan makaranta karate a Mahuta, yana cewa sai an gan shi a fim kafin ya mutu. Na tsokane shi da tumbinsa, ya ce ni ai kabeji kaɗai na iya duka, shi ma a rumfar matarsa Celina nake saye.

Ki gaida mutanen gida.

Mijinki,
Zakariyya'u

Makera, Kaduna

Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna ta fara cin abinci, ke ma kina samun hutu. Zan rubuta miki abin bi da bi, don kada in rikice.

Ranar faɗan ƙarshe, Clinton, wanda ya fito a jarumin, ya taka tsohon man inji a ƙasa. Ƙafarsa da za ta wuce ta gefe ta sami Wilfred a bayan kunne. Ya faɗi. Duk muka yi tafi, har da ni, don faɗuwar ta yi kyau. Sai da tafin ya ƙare muka lura bai tashi ba.

Yana asibiti. Gefen damansa ba ya motsi, magana kuma da ƙyar. Likita ya ce a yi haƙuri, bai ce zai sake tafiya ba.

Na saurari abin da na'urata ta ɗauka. Fiddausi, bugun gaske ba shi da ƙara. Kamar an ajiye filo ne a kan gado.

Mustapha ya ce da wannan ɗaukar za a fitar da fim ɗin, tunda babu wata, don haka in sa mata ƙara. Celina ta tare ni a bakin ɗakin jinya ta ce in ina ƙaunar Allah kada in yi. Ba ta son samari su zauna a gidan kallo suna shewa a kan abin da ya kwantar da uban 'ya'yanta. Ban amsa wa kowa ba. Kin san halina. Na zauna na rubuta dalilan kowannensu, na ga kowa da gaskiyarsa.

Ki sa shi a addu'a.

Naki,
Zakariyya'u

Makera, Kaduna

Fiddausi,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin Inna ta miƙe. Alhamdulillahi.

An sallami Wilfred, na je gidansa a Sabon Tasha. Ya rame, rigar karatensa na rataye a bayan ƙofa. Niyyata in gaya masa na ƙi aikin, sai ya nuna wayata da hannun hagu, ya nace sai ya ga ɗaukar faɗan. Na kunna masa. Ya kalli kansa yana shiga kejin, har gefen bakinsa ya ɗaga. Aka zo wurin bugun, ya sa na maimaita. Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito.

"Zakari, ba ƙara. Kamar ni na faɗi da kaina. Sa babba."

Celina tana tsaye a bakin ƙofa, ta juya ta fita. Na ɗauka shi ke nan tsakanina da ita. Da na fito neman keke, sai ga ta daga rumfa da baƙar leda. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba, ta koma ciki. Kabeji ne, mafi girma da ƙarfi a cikin kayanta.

Na yi aikin jiya da hantsi. Mustapha ya ce duk fim ɗin babu ƙarar da ta kai ta. Ban sani ba ko na kyauta. Hannuna dai har yanzu a kumbure yake, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ki dawo da wuri. Kuma don Allah, in kin dawo, kada ki sa kabeji a abinci tukuna.

Mijinki mai kewarki,
Zakariyya'u