Furar Dada

Dutsin-Ma, 8 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga yayana, inuwar gidanmu, Malam Ilu,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da mahaifiyarmu Dada, Allah ya ja kwananta.

Bayan haka, ƙishirwar nan da ka ga ta addabe ni da damina ta kai ni gaban likita a Katsina. Ya tafasa fitsarina a kwalba tare da wani shuɗin ruwa, sai ya rine ya zama ja. Ya ce ciwon sukari ne. A bayaninsa, zaƙin abinci baƙo ne mai sallama a ƙofar tsoka, tawa kuwa ta daina amsawa, sai baƙon ya yi ta gararamba cikin jini yana ɓarna. Yana bincike a kan irina, mazauna rumfar awon gyaɗa da butar shayi a gefe.

Ya hana ni tuwo da fura da zuma da rogo. Ya bar mini nama, ƙwai, nono da zogale. In na saɓa, in ji shi, gyambon da ke babban yatsan ƙafata zai ci ƙafar.

Gero abokina tun ina goye,
Yau ni nake kallonka a ɓoye.

Furar da Dada ke aiko mini daga Kurfi, maiɗakina Sa'adiya maƙwabta take ba. Ka sanar da Dada a hankali.

Ƙaninka mai biyayya,
Labaran

Dutsin-Ma, 29 ga Oktoba, 1962

Yaya Ilu,

Aminci ya tabbata gare ka. Yaya gida, yaya aikin kaka?

Saƙon Dada ya iso ta bakin ƙanwarta, Gogo Fatu, ya kuwa sauka a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Dada ta ce hatsi bai taɓa kashe ɗan kowa ba. Ta ce boko ne ya koya mini ƙyamar hannun da ya goye ni, kuma in ban zo na sha furarta a gabanta ba, ba ta yafe mini nononta ba.

Yaya, ga gyambon ya fara kamewa, ƙishirwar ma ta ragu. Na tambayi liman, ya ce kare rai wajibi ne, bin uwa ma wajibi ne, daga nan ya shiga jan carbi.

In na sha, ƙafata ta tafi,
In na ƙi, albarka ta tafi,
Ya Rabbi, cikinsu wanne ya fi?

Gurgu dai yana kai kansa masallaci, wanda uwa ta juya wa baya kuwa ban san inda za shi ba. Zan zo ranar Juma'a in sha.

Naka cikin damuwa,
Labaran

Dutsin-Ma, 12 ga Nuwamba, 1962

Yaya Ilu,

Ina gaishe ka da zuciya mai nauyi, da fatan ka dawo lafiya daga sayen shanu a Kuki. Tun da ba ka nan ranar, ga abin da ya faru.

Na durƙusa, Dada ta dama furar da kanta, sabon gero, har da zuma. Na miƙa hannu ga ludayi, sai ta riƙe wuyan hannuna. Ka san idonta ya yi rauni. Ta shafa fuskata, ta shafa damtsena, ta sa na cire takalmi ta laluba yatsan. Sannan ta tambaye ni ko kiyashi na taruwa inda na kama ruwa. Na ce yana taruwa.

 Sai ta ce haka mahaifinmu ya yi a shekararsa ta ƙarshe, muna ƙanana. Shi ma da ƙishirwar, da kiyashin, da gyambon. Ita kuwa, don tausayi, ta yi ta dama masa fura da zuma safe da yamma, har Allah ya karɓi abinsa.

Ta janye ƙwaryar, ta ba ni nono zalla, ta sa mini albarka. Na dawo da ƙafata da albarkata, ina murna, ashe murnar ta yi sauri.

Jiya Gogo Fatu ta aiko cewa tun daga wannan ranar, Dada ba ta ɗanɗana fura ba, ta ma sa an kife turminta. Tsohuwar da ba ta da haƙorin nama, da me za ta rayu? Na nemi baitin da zan aika mata, alƙalami ya ƙi.

Don Allah ka zauna kusa da ita. Ka gaya mata likita ya ce ba fura ke haifar da ciwon ita kaɗai ba, kuma abin da mutum bai sani ba Allah ba ya kama shi da shi. Ga damin gero nan daga gonata ta Dabawa. Ka sa a tayar da turmin. Ka ce mata rabona na gero bai ƙare ba, wurinta aka mayar da shi, ta sha mini.

Ba zan sami natsuwa ba sai na ji ta sha.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Labaran