Sunan Auta Ya Koma Shafin Ƙarshe

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Baban yara ya koma aiki, sai dai har yau ba ya iya ɗaga ido ya kalli ƙofar ɗakin Auta. Wata biyar ke nan, Allah ya jiƙanta.

Yaya, ranar Talata na gane abin da aka yi mata. Ka tuna littafin ruwan rijiya da take tsara wa shugabanta na wurin aiki a kwamfuta, wanda aka gina kan binciken da ita ta yi? Mutumin ya kawo mini sabon bugun gwaji, da wata takarda wai in sa hannu a yi amfani da hotunanta. Ka san iyakar karatuna, amma sunan 'yata ko da yatsa zan lalubo shi. A tsohon bugun da ta bari kan teburinta, sunanta na cikin magana har wuri goma sha ɗaya, ana cewa ita ta auna, ita ta gano. A sabon kuwa na bi shafi-shafi ban gan shi ba, sai can a jerin ƙarshe, da ƙananan haruffa.

Na ɗauki kwamfutarta na kai wa mai shagon buga takardu ta bakin titinmu, na nuna mata bugun biyu. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce a manhajar da ake tsara irin waɗannan littattafai akwai umarni uku masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Na farko yana sa sunan mai bincike a cikin jimla, shi ne mai magana. Na biyu yana tura shi cikin baka biyu a ƙarshen jimla, tare da shekara. Na uku ba ya nuna shi ko kaɗan, sai dai a jerin baya. Auta da na farko ta yi aiki. Matar ta ce da na biyu aka mayar, da sai a ce dokar maɗaba'a ce, amma na ukun da aka mayar ba a faɗawa cikinsa bisa kuskure har sau goma sha ɗaya.

Da na tambayi shugaban nata, ya ce na'ura ce ta yi, kuma duk ɗaya ne, in kwantar da hankalina. Yana faɗa yana kallon agogonsa. To na'urar me ya sa ta bar sunayen manyan malamai a inda suke, sai na wadda ba ta da bakin magana? Na san zato zunubi ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Ba ta bar ɗa ba, Yaya, wannan aikin ta bari.

Kai ka san wannan harka. Zan sa a turo maka duka biyun, don Allah ka duba ka gaya mini gaskiya, ko da ni ce na zalunce shi.

Ka gaida Anti, da Babban Mutum, da takwarata, da jikokin duka. Shugaban nata ya ce zai dawo ranar Litinin. Takardar na nan ƙarƙashin kwamfutar, ban sa hannu ba tukuna.

Ƙanwarka,
Maman Auta