Sun Sake Mai Shayi

Daura, daren Asabar

Jiya na fita takaba, yau 'yata Hadiza ta matsa sai na kalli wasan nan namu na talabijin. Shekara da shekaru ni ke kallo, in Malam ya dawo daga kasuwar dabbobi in ba shi labari yana cin tuwo. Ba ya tambayar kowa sai marowacin mai shayin nan da ke raba ƙwayar suga biyu.

Yau wani na gani a teburin shayin. Hula ɗaya, suna ɗaya, amma ba shi ba ne.

Hadiza ta ce, "Mama, ai wancan ya rasu, shi ne suka sa wani."

Matarsa ta cikin wasan ta shigo ta ce masa "Maigida", ko a jikinta. Jikokina suna ta dariya. Ni haushi na ji, amma sai na tarar ina haddace maganganunsa kamar kullum, don in ba da labari. Wa zan ba?

Su sun samu wanda zai sa tasu hular. Ta Malam tana nan a jikin ƙusa, ko saukewa in wanke na kasa.