Akuyar Tarbar Kumbon Afra

Litinin, 20 ga Yuli, 2020
Kumbon su Afra ya tashi. 'Yata, wadda na goya, da hannunta a abin da zai je duniyar Mars. Na soya luƙaimat, ƙosan fulawarmu mai zaƙi, na raba wa maƙwabta har zumar dabino ta ƙare. Ubaid, mijina, da kana nan, da kasuwar kifi ta gaji da bakinka.

Alhamis, 4 ga Fabrairu, 2021
Ya kusa isa. Na sayo akuya, baƙa. Haka muka gada, jirgi in ya dawo a yanka, a dafa haris, faten alkama da nama. Na ɗaure ta kusa da farar da na tanada wa Ubaid, shekarar da kwalekwalensa ya fita bai dawo ba. Waccan har ta haihu sau biyu. Na kasa yanka ta.

Asabar, 6 ga Fabrairu
Afra ta kira daga Dubai. Na ce yaushe kumbon zai dawo, in jiƙa alkama. Ta yi dariya.
"Yumma, ba dawowa zai yi ba. Ko sauka ba zai yi ba. Zagaya Mars zai riƙa yi, yana aiko mana labari."
Na ce to wane irin aike ne wannan? Kun tura abu teku, kuna sane?
Ban ci abinci ba.

Lahadi, 7 ga Fabrairu
Maƙwabciyata Ausha ta leƙo ta katanga. "Ummu Afra, akuya biyu, ba baƙo ko ɗaya. Ko garke za ki kafa?" Na ce ta je ta ji da haƙoranta.

Talata, 9 ga Fabrairu
Yau ce. Afra ta ce in bai rage gudu ba zai wuce Mars ya ɓace, aikinsu na shekaru ya tafi. Bayan magariba ni da Ausha muka zauna gaban talabijin, gahawa ta huce a gabanmu. Aka ce ya kunna wutarsa, sai jira. Wannan jiran na san shi. Na yi shi a bakin ruwa.
Ausha tana ta "Ga ta can, ga Afra," alhali kowa da takunkumi. Ni na gane ta, yadda take murza ɗankwali kamar ubanta da rawaninsa.
Sai wani a talabijin ya miƙe ya ce kumbon ya shiga zagayen Mars, ya yi magana. Na rangaɗa guɗa har akuyoyi suka amsa. Ausha ta zubar mini da gahawa a darduma, na yafe.
Afra ta kira tana kuka. "Yumma, ya isa inda aka aike shi."
Ya isa. Ban taɓa tunanin wannan ma labari ne mai daɗi ba.

Lahadi, 14 ga Fabrairu
Hoton farko ya zo. Ja, kamar yashin hanyar garin Zaid da yamma. Na sumbaci wayar, ba wanda ya gani.

Alhamis, 18 ga Fabrairu
Afra na zuwa gobe. Alkama ta jiƙu. Mahauci ya zo ya kama baƙar, na ce a'a, farar. Ya dube ni, ya san ta Ubaid ce. Na ce a kai rabi masallacin masunta.
Ta fi ƙiba ne kawai.